Ranar da Rana Ta Fito Daga Yamma

Akwai wani masunci mai suna Jorlang a wani ɗan tsibiri cikin tsibiran Marshall. Lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Japan sun ɗaure shi a jikin bishiyar kwakwa sun yi masa dukan kawo wuƙa. Ƙaninsa kuwa da suka tafi da shi bai dawo ba.

Da labari ya iso cewa Amurkawa sun jefa bam guda ya shafe gari guda a Japan, Jorlang har rawa ya taka a bakin teku.

Gwaggonsa Neijon ta ce, "Kai Jorlang, ji tsoron Allah. Ai da jarirai a garin nan."

Ya ce, "Gwaggo, ɗan maciji ma maciji ne. Da ma goma aka jefa!"

Shekaru yana wannan magana, ko a ƙofar coci, ana yi masa dariya ana tafawa.

Wata safiya sai rana ta fito daga yamma. Amurkawa ne ke gwajin sabon bam a tsibirin da ke kusa, ba wanda ya gaya wa su Jorlang. Kafin la'asar wani farin gari mai kama da toka ya dinga zubowa daga sama. 'Yarsa Limeto, 'yar shekara bakwai, ta yi ta dambula shi tana shafawa a ka.

Bayan 'yan makonni gashinta ya zube, fatarta ta saluɓe. Ta rayu, amma ba ta ƙara lafiya ba. Ta girma, ta yi aure, duk cikin da ta ɗauka sai ya zube. Daga baya aka yanka mata maƙogwaro aka cire wani ƙari.

Ana nan sai wasu baƙi daga Hiroshima, garin nan na Japan da aka jefa wa bam, suka zo duba marasa lafiya. Jorlang ya tare ƙofa.

Limeto ta ce daga ciki, "Baba, bar su su shigo. Me ya rage da za su ɗauka?"

Wata mata daga cikinsu ta shiga, ta zauna a tabarma, ta kwance ƙyallen wuyanta. Irin tabon Limeto ne sak. Ta bakin tafinta ta ce tana hanyar makaranta abin ya faɗo, ita kaɗai ta saura a ajinsu.

Jorlang ya fita ya zauna a kan kwalekwalensa. Abokinsa Tibon ya same shi ya ce, "Haba mutumina, kada mace ta karya maka zuciya. Ai bam ɗin nan ne ya ƙare yaƙi."

Jorlang ya ce, "Yaƙin wa? Nawa yana cikin ɗaki yana tari."

Limeto ba ta ga wata damina ba.

Darasi: Kada ka yi guɗa don wuta ta ci gidan maƙiyinka, iska ba ta da aboki. Zaluncin da ka tafa wa yau, gobe yana iya sallama a ƙofarka. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.