Manomin da Ya Aiki Ƙanensa Awo

Akwai wani manomi, ƙato ne na gaske, shi kaɗai yake ɗaga buhun masara ya ɗora a kan amalanke. Yana kuwa son a faɗi haka a gabansa.

Ana nan sai ciwon daji ya kama shi. Ƙanensa ya kai shi asibiti a birni. Likita ya ce masa, "Baba, maganin wannan ciwo yana da ƙarfi ƙwarai. Idan ya yi kaɗan ba zai yi aiki ba, idan ya yi yawa zai yi maka lahani. Saboda haka za ka shiga ɗakin awo ka tuɓe riga. Na'ura za ta ɗauki hoton jikinka, ta auna tsawonka da faɗinka, mu ba ka daidai kai."

Manomin nan kuwa ya riga ya rame, riguna uku yake sawa don kada a gani. Da ya leƙa ɗakin, sai ya ga mai awon yarinya ce sa'ar 'yarsa. Kunya ta kama shi, ya ji gara komai da a ga haƙarƙarinsa a waje. Ya ja ƙanensa gefe ya ce, "Ba ta san fuskata ba. Idan an kira sunana, kai ka shiga. Ai jikinmu ɗaya."

Ƙanen ya ce, "Yaya, da ne jikinmu yake ɗaya."

Ya ce, "Yau kuma ni kake mayar wa magana?"

Ƙanen bai taɓa ƙin umarninsa ba, sai ya shiga. Aka auna lafiyayyen mutum, aka rubuta sunan majinyaci. Da wannan takarda aka haɗa magani, aka sa wa manomin a jijiya.

Bayan mako guda bakinsa ya cika da gyambo, ko ruwa ba ya wucewa. Da aka mayar da shi asibiti aka cire masa rigunan, likita ya dubi takarda, ya dubi mutumin, ya ce, "Wa muka auna?" Ƙanen ya fashe da kuka. Aka yi iyakacin ƙoƙari, amma manomin bai ga girbin wannan shekara ba.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Likitan, Ubangiji ne. Ɗakin awo shi ne addu'a da tuba, inda mutum yake tsayawa ba riga. Ubangiji kam ba a ruɗinsa, amma ba ya warkar da wanda ya ƙi tsayawa a gabansa. Abin yana ba ni baƙin ciki, gama da yawa a cikinmu mun rame a ruhu, muna zuwa sujada da riguna uku. Dattijon ikilisiya ya tambaye ka, ka ce lafiya lau. Sai a ɗora maka kayan mai ƙarfi, ka karye a ƙarƙashinsa, ka ce Allah ya yashe ka. Ku kuma da kuke rufa wa ɗan'uwa asiri don ganin girmansa, ku tuna ƙanen nan shi ya haƙa kabarin.

An kira sunanka. Kada ka aiki kowa.