Wa Zai Wanke Inna Azumi?

Ku matso ku ji, amma yau ba na dariya na zo da shi ba.

A wani ƙauye na bakin gulbi an yi wata tsohuwa, Inna Azumi. Shekara hamsin ita ce mai wankan gawar mata, ba ta taɓa karɓar ko goro ba. Ta binne miji da 'ya'ya huɗu, ta ci gaba da azuminta na Litinin da Alhamis. Matan garin kuwa, ga son ta a baki, amma da ta ce su zo su koya sai kowa ta tuna ta bar tukunya a wuta. Abin ya ci mata rai. Takan ce, "Na wanke garin nan kaf. Ni wa zai wanke ni?"

Ta rasu wata safiya a tsakiyar damina, gulbi ya cika ya tumbatsa, babu mai iya haye shi ya kira mai wanka daga wani gari. Likkafanin da ta ajiye wa kanta ma ta riga ta bayar da shi ga wata baƙuwa da ta mutu a kasuwa. Maza suka haƙa kabari suka zauna jira, mata suna kuka suna kallon juna.

Ladidi matar ɗanta, wadda ta yi jinyarta shekara biyu, ta haddace yadda ake wankan, don kullum tsohuwar tana maimaita mata: alwala tukuna, a fara da dama, ganyen magarya, kafur a ƙarshe. Amma tana ɗaga mayafin da aka rufe gawar da shi sai ta kasa taɓa ta.

Tasalla maƙwabciya, wadda ko gidan rasuwa ba ta shiga don tsoro, ta tuna ranar da Inna ta wanke mata 'yarta. Ta naɗe hannun riga, ta ce wa Ladidi, "Ki faɗa, ni zan yi." Ladidi na faɗa, tana yi, har suka gama.

Ita kuwa Iya Kande, wata tsohuwa a garin, shekara ashirin ba ta magana da marigayiyar kan wata rigimar iyakar gona. Ta shigo da sanda, ta ajiye likkafaninta da ta jiƙa da Zamzam a Makka, ta san kuma ba za ta sake komawa ba. Ta ce, "Ku sa mata. Allah ya yafe mana, ni da ita."

Aka kai Inna makwancinta kafin la'asar. Da aka dawo, ɗanta ya fito da ƙwaryar da take wankan gawa da ita yana hawaye, ya ce ta bar wasiyya a ba matar da ta fi yi mata alheri a ranarta ta ƙarshe.

To, jama'a, ƙwarya ɗaya ce. Wace ce a cikinsu za a miƙa wa?