Ranar da Bersi Ya Ɗora Ɗan Ulfar a Cinya

Akwai wani manomi a ƙasar Iceland ta dā mai suna Bersi. Wajen cika baki, ko ni sai na sara masa. Shekara ashirin yana gasa da maƙwabcinsa Ulfar. In Ulfar ya kamo babban kifi, Bersi zai ce irinsa yake sawa a ƙugiya.

Wata shekara ruwa ya ruɓar da ciyawar da Bersi ya tara don lokacin sanyi, ƙanƙara kuma ta rufe kwarin da suke zaune da wuri. Shanunsa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, busasshen kifi ya ƙare. 'Yarsa tilo, Ragna, mai shekara biyar, ta rame har ta daina tashi daga shimfiɗa.

Wata safiya matarsa Aldis ta ce, "Baban Ragna, Ulfar yana neman wanda zai riƙe masa ɗansa Toki. Wanda ya karɓa zai dawo da shanu biyu masu nono, da ciyawa, da kifi."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? Wanda ya riƙe ɗan wani ai ya yarda shi ne ƙarami. Ni ne zan zama ƙasa da wancan mai tumbin?"

"To, dafa mata girman naka ta ci."

Daga cikin bargo Ragna ta ce a hankali, "Ku daina faɗa. Baba, ni fa ba na jin yunwa."

Bersi ya dube ta. Leɓɓanta duk sun tsage. Ya ɗaure takalminsa ya fita.

Rabin yini ya yi yana keta ƙanƙara har ƙugu. Ya faɗi sau uku, ya tashi sau uku. Da ya isa, ya tarar da zauren Ulfar cike da maza suna jin wuta.

Ulfar ya ce, "A'a, wa nake gani? Babban mutum da kansa. Ka zo ka koya mana kamun kifi ne?"

"Na zo karɓar riƙon Toki."

"Kunnena ya tsufa, maƙwabci. Ɗaga murya."

Bersi ya maimaita yadda har na bakin ƙofa ya ji. Aka kawo yaron, ɗan shekara uku. Bersi ya zauna ya ɗora shi a cinya a gaban shaidu, kamar yadda ake yi. Zauren ya ɗauki dariya.

Ulfar ya ce, "Ka dai san ma'anar wannan?"

"Na sani. Kai ne babba. A ɗaura min kifin, rana tana yi."

Ya koma gida da yaro a cikin mayafinsa, shanu biyu a baya. Kafin ya cire takalmi ya tatsi nono, ya ɗaga kan Ragna yana ba ta da cokalin ƙaho, kaɗan-kaɗan. Toki kuwa, Bersi ya riƙe shi da gaskiya, kwano ɗaya suke ci da Ragna.

Kafin ƙanƙara ta narke an haƙa ƙananan kaburbura bakwai a kwarin nan. Babu ko ɗaya a gidan Bersi.

Ranar taron gari na farkon shekara ya iso da Toki a kafaɗa. Wani ya ɗaga murya, "Ku ba da hanya, ga mai renon gidan Ulfar. Bersi, ina bakin nan naka?"

Bersi ya ce, "Yana nan. Matsa gefe, kar ta ture ka."

Ragna ta wuce su a guje, kumatunta cike, tana bin wani ɗan rago.

Darasi: Girman da zai hana ka ceton ɗanka ba girma ba ne, ajiye shi ka tashi. Dariyar mutane kwana kaɗan take yi, ran ɗa kuwa ba ya dawowa. Tura wa duk uban da ka san ya haɗiye wulaƙanci don 'ya'yansa su ci, in naka yana raye ka fara da shi.