Gizo da Hannuwan da Bai Ƙirga Ba

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Yunwa ce ta kori Gizo, ya yi ta tafiya har ƙasa ta ƙare, sai teku. Wurin tsit, ko tsuntsu ba ya kuka. Ga kifi tuli a kan dutse, ba mai shi.

Miƙa ƙafarsa ke da wuya sai ruwa ya buɗe ido, ƙato kamar faifai. Wata halitta ta taso, ba ƙashi a jikinta, fatarta na rikiɗa, yanzu ja, yanzu fari fat. Hannuwa suka biyo baya suna lilo, kowanne cike da ƙananan bakuna masu tsotsa kamar ƙahon wanzami.

Ku da kuke dariya, da ku ne da kun jiƙa wando. Shi kuwa Gizo ƙirga ya yi: takwas. Ya dubi ƙafafunsa: takwas. Ya ce a ransa, in na riƙe duka, da me za ta kama ni?

"Shannu 'yar'uwa! Kawo hannu mu gaisa."

Ya kama takwas da takwas, baki na kan kifi. "Ina kwana?" Ya haɗiye ɗaya. "Ina gajiya?" Ya haɗiye ɗaya.

Ta amsa da murya kamar daga rijiya: "Lafiya lau. Saura biyu ba ku gaisa ba."

Ashe akwai wasu biyu naɗe a ƙarƙashi, dogaye, sumul, sai can ƙarshensu ke da faɗi da ƙaya. Takwas ɗin na riƙo ne, waɗannan na farauta. Caraf suka shaƙe masa ƙugu, suka ja shi tsakiyar hannuwan, inda baki irin na aku ke buɗewa yana rufewa.

Gizo ya ce, "Tsaya! Ki ci ni, ba komai. Amma kar ki ci baƙo da hagu, kifaye su yi da ke. Wanne ne na dama?"

Ba wanda ya taɓa tambayarta. Kunya ta kama ta. Ta ɗaga wannan, ta ɗaga wancan, ta saki Gizo don ta duba dogayen. Gizo ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ƙugun Gizo dai bai koma yadda yake ba, har yau ga shi kamar zare. Ita kuwa tana can. In ruwa ya yi tsit, sai hannu ya fito a hankali, ya koma, wani ya fito. Ta rantse ran da ta gane na daman, za ta hawo tudu neman abincinta.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa. Kafin ka gaisa da mai kifi, fara leƙa hammatarsa.