Sawun Karen Ruwa a Bakin Tafkin Bado

An yi wata bushiya da ke zaune a bakin Tafkin Bado tare da 'ya'yanta huɗu. Ba ta da sauri, ba ta da tsayi, amma duk abin da ya wuce ta ƙasa sai ta san da wucewarsa, domin kullum hancinta yana kusa da ƙasa. A wurin kuma akwai Gauraka, mai dogon wuya da tukku ruwan zinariya. Shi kam tun da uwarsa ta ƙyanƙyashe shi bai taɓa yarda akwai abin da wani ya gani shi bai gani ba.

Na ukunsu shi ne Karen Ruwa, gwanin iyo da kamun kifi, mai kunyar tsiya, wanda ba ya son a sa masa ido.

Dabbobin wurin suna da al'ada tun kaka da kakanni. Idan ɗari ya shigo, sai su duba ko Karen Ruwa yana nan. In yana nan, tafki zai kai su damina, kowa sai ya miƙe ƙafa. In kuwa ya tashi, to ya hango ƙafewar ruwa ke nan, sai kowa ya ɗaure kaya a nufi babban kogi, tafiyar kwana shida.

To, a wannan shekara ɗari ya yi mako uku, babu wanda ya ga ko wutsiyarsa.

Gauraka ya tara jama'a a gindin tsamiya, ya miƙe wuya ya ce, "Na zagaya tafkin nan sau uku ta sama. Ko inuwarsa babu, ya tashi. Jibi mu ma mu tashi, ni zan ja gaba."

Bushiya ta tuna da na gida. 'Ya'yanta ko ƙayarsu ba ta gama ƙwari ba. Autarsu ma daga rami zuwa bakin ruwa sai ta huta sau biyu. Bushiya ta sani sarai, in aka yi tafiyar nan ba za ta isa kogi da su huɗu ba.

Ta ce, "Malam Gauraka, da wane lokaci ka yi zagayen?"

"Da hantsi mana, bayan rana ta gasa mini fiffike. So kike in fito cikin sanyin nan mura ta kama ni?"

"Ka sauka ƙasa ka duba?"

"In sauka? Haba Iya! Abin da nake hangowa a tashi ɗaya, ke sai ki shekara kina jan ciki ba ki gan shi ba."

Bushiya ta ce, "Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A ba ni gobe kawai in taka bakin ruwa. In ban ga komai ba, ni zan fara ɗaure kaya."

Dattawa suka ce wannan magana ba ta da laifi. Gauraka ya yi tsaki ya ce shi ma zai bi ta, ba don komai ba sai don ya samu abin dariya.

Gari na wayewa suka kama hanya. Sanyi har cikin ƙashi, tururi yana tashi daga kan ruwa, raɓa ta jiƙe ciyawa sharkaf. Duk da damuwar da ke ranta, Bushiya ta ji daɗin safiyar nan ƙwarai. Ƙasa ta yi laushi, ƙamshin laka ya cika mata hanci, agwagin ruwa suna ta gaishe ta tana amsawa. Gauraka kuwa yana baya ya ƙudundune cikin fiffikensa, yana ta mita.

Ba su yi nisa ba Bushiya ta tsaya a kan wani falalen dutse. Ta shinshina, ta ce, "Ka ga wannan? Kan tarwaɗa ne da ƙayarta. An cinye tsokar tas."

Gauraka ya leƙo daga can sama ya ce, "Aikin zalɓe ne."

"Zalɓe haɗiye kifinsa yake yi gaba ɗaya, ba ya zama ya tauna. Kuma jinin bai ma bushe ba."

"To, kada ne."

"Kada ya zauna yana zare ƙaya? Yaushe ya koyi wannan ladabi?"

Gauraka ya kau da kai. Suka ci gaba, suka ratsa ta cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, har suka fito wani fili mai laka. Nan Bushiya ta yi turus. Ga sawu nan a kwance, yatsu biyar, da alamar fata a tsakaninsu irin ta agwagwa. A gefensa kuma ga wasu ƙanana.

Ta ce, "Malam, zo ka gani! Amma taka a hankali."

Gauraka ya taho da dogayen ƙafafunsa, caɓal, caɓal, ya tsaya daidai kan sawun ya ce, "Ina yake?"

"Yana ƙarƙashin ƙafarka."

Ya ɗaga ƙafa ya duba. "Ni dai sawuna kaɗai nake gani, kuma kyakkyawa ne."

Ran Bushiya ya ɓaci har ƙayarta ta miƙe. Shaidar da za ta nuna wa dattawa ke nan aka tattake. Amma ta haɗiye fushinta ta wuce, domin faɗa da Gauraka ba zai hana 'ya'yanta tafiya ba.

Can gaba suka iso gindin wata kanya da ta sunkuya kan ruwa. Daga gindinta akwai gangara zuwa cikin tafki, lakar wurin ta yi sumul tana sheƙi, ko tsinke babu a kanta. Bushiya ta gane ta nan take. Wurin wasan zamiya ne na karnukan ruwa, inda suke kwanciya da ciki su sulala cikin tafki. Kuma lakar ɗanya ce.

Gauraka ya ce, "Yauwa! Sai yanzu na ga wurin da ya dace da ni. Tun ɗazu kin sa ina ta kutsawa cikin ƙazanta. Dubi nan, fes, babu mahalukin da ya taɓa takawa."

"Malam, kada ka hau. Ciki ne ya goge wurin nan, santsi gare shi."

"Ke za ki koya mini tsayuwa? Ni da nake barci a kan ƙafa ɗaya?"

Ya hau tsakiyar gangarar, ya naɗe ƙafa ɗaya don ya nuna mata, ya buɗe baki zai sanar da duniya cewa Karen Ruwa ya tashi. Ko "Jama'a" bai ƙarasa ba ƙafar ta kwashe. Suuu! Ya tafi da baya, fiffike a sama, sai tsundum cikin ruwan nan mai sanyin ƙanƙara.

Ya taso yana tari, laka ta manne tukkunsa ya kwanta a kan ido. Da ya share fuska, sai ga wani kai mai gashin baki ya ɓullo a gabansa, ga ƙananan kawuna uku a bayansa.

Karen Ruwa ya ce, "Sannu Malam. Da ka faɗa mana kana son wasan, ai da yara sun koya maka. Da ciki ake yi, ba da baya ba."

Bushiya ta yi dariya har da hawaye, rabi na dariya rabi na murna. Ta ce, "Maƙwabci, ina ka shiga haka? Ka tayar mana da hankali."

"Ina nan, Iya. Mai ɗakina ce ta haihu. Da sassafe muke fitowa, kafin rana ta ɗaga mun koma rami a ƙarƙashin saiwar kanyar nan. Ruwa kuwa, akwai gurbi a tsakiya da ko ni ban taɓa taɓo ƙasansa ba. Ku sha kuruminku."

Kafin hantsi agwagi sun kai labari ko'ina. Dabbobi suka yi ta zuwa kallon jariran, a hanya kuma su tsaya su kalli Gauraka a kan dutse yana karkarwa, yana atishawa, ya baza fiffike yana jiran rana. Wanda ya so ya ja gaba, ranar ko gaisuwa ya kasa amsawa.

Bushiya ta koma gida a hankali, yadda ta saba. Ta tarar da 'ya'yanta a bakin rami sun yi jugum. Auta ta ce, "Iya, in na gaji a hanya, za ki jira ni?"

Bushiya ta jawo ta jikinta ta ce, "Babu inda za mu, 'yar nan. Ku shiga ciki, sanyi ake yi."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, girman kai rawanin tsiya ne. Wanda ya fi ƙarfin sunkuyawa ya duba, zai iya taka gaskiya da ƙafarsa bai sani ba. Kuma kafin ka yanke maganar da za ta tayar da jama'a daga gidajensu, ka saurari na ƙasa da kai, domin sau da yawa shi ne ya fi kusa da sawun.