Kura a Kan Surin Sarauta

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo mu ji ta da kyau!

Ranar da Zaki ya mutu, ko binne shi ba a yi ba, sai Kura ta haye surin da yake zama yana shari'a.

Barewa ta ce, "Kura, wa ya naɗa ki?"

Kura ta ce, "Wanda ke kan surin nan shi ne sarki." Nan take ta cafke ɗan Barewa ta cinye a gaban kowa.

Sai tsohuwar Gara ta leƙo ta ce, "Mu muka gina surin nan. Zaki ma sai da yardarmu ya hau."

Kura ta tuntsire da dariya. "Ni zan roƙi gara?"

Gara ta kira 'ya'yanta, suka rarake surin ta ciki. Sai aka ji rugum! Kura ta nutse har wuya, tana ihu, "Ku ciro sarkinku!"

Barewa na hawaye ta ce, "Wane sarki? Mu kura muka gani a rami." Kowa ya watse.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ba don Gizo ba da na shara muku ƙarya.