Taswirar da Ta Ƙi Buɗuwa

Akwai wani dattijo mai awon filaye da ake kira Baba Safiyo. Gwani ne, amma akwai taurin kai. Duk taswirorin da ya zana cikin shekara ashirin suna cikin wata manhajar kwamfuta mai tsada, wadda ita kaɗai ke iya buɗe su.

Autarsa, wadda ta gaji sana'ar, ta sha ce masa, "Baba, bari in kwafe su zuwa manhajar nan ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗewa."

Sai ya yi dariya. "Auta ke nan! Araha ba ta ado. Kar ki taɓa min kwamfuta."

Wata safiya wata mata ta shigo ofishinsa tana share hawaye. Mijinta ya rasu, maƙwabcinsu ya ce rabin gonar tasa ce. Alƙali ya ba ta mako biyu ta kawo shaida.

"Baba, kai ka auna wa marigayi. Da gonar nan nake ciyar da marayu huɗu."

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Yanzun nan zan fitar miki."

Ya kunna kwamfuta, manhaja ta ce izininsa ya ƙare. Ya nemi kamfanin da ya yi manhajar, ashe sun rufe tun bara. Taswirar na ciki, yana ganin sunanta, amma ta ƙi buɗuwa. Ya je kotu ya rantse da baki, alƙali ya ce takarda yake so.

Haka aka raba gonar biyu. Wallahi abin da ban tausayi.

Auta ta nemi taimakon masu gina manhajar kyautar, mutanen da ba ta taɓa gani ba. Bayan wata biyar suka buɗe taswirar. Iyakar na nan daidai inda matar ta faɗa. Amma lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, maƙwabcin har ya sayar da rabin da aka ba shi, an zuba harsashin gini.

Baba Safiyo ya buga taswirar ya kai wa matar da kansa.

"'Yata, ki yafe ni. Ga shi, ke ce mai gaskiya."

Ta dubi takardar, ba ta karɓa ba.

"Na yafe, Baba. Amma ni ai na san gonata ce. Ba ni ce nake buƙatar gani ba."

Darasi: Kayan aro ba ya rufe katara. Kada ka kulle amanar mutane a inda makullin ke hannun wani, kuma kada ka raina shawara don ta fito daga bakin ɗanka. Ku tura wa duk wanda ke riƙe da takardun jama'a.